Daƙiƙa Sha Tara a Faifan Wilf Garside

Preston,
Litinin, 7 ga Maris, 1994.

Aikin farko yau: goge kan na'ura ta biyu da auduga. An yi, ƙarfe takwas da minti goma.

Zuwa ga Yaya Doreen,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Gordon da yara, kuma gwiwar nan ta sassauta. Yaya sanyin Aberdeen? Ni ma nan lafiya lau nake. Ki yi haƙuri da layin da ke sama. Takardar littafin aikina ce na yago, na riga na yi rubutu a kai kafin in lura ba ni da wata.

Bayan haka, tambaya ce ta sa na rubuto, amma sai na ɗan zagaya kafin in iso gare ta.

Kin san akwatunan nan da ke bayan ƙofa a ɗakin faifai na gidan rediyonmu, waɗanda kika ce suna tsinka miki jiki ranar da kika zo. Shirye-shiryen ta'aziyya ne da muke haɗa wa manyan mutane tun suna raye, don ranar da aka ce wane ya rasu a ɗauko a sa ba tare da gudu-gudu ba. Guda ɗari biyu da goma sha biyu ne. Sabuwar shugabarmu, Misis Pendlebury, ta ce sun yi tsawo, kowanne a rage shi ya koma minti uku kafin ranar 18 ga wata. To ni ne da reza da farin fensir, daga safe har yamma ina yanke tef ina liƙewa.

Yau na iso kan akwatin Arnold Hibbert. Eh, shi dai, na Hibbert da Garside, 'yan barkwancin da Baba yake so. Yana nan da ransa, shekararsa tamanin da ɗaya, a wani gidan kula da tsofaffi a Morecambe. An haɗa shirinsa ne a 1983, lokacin da zuciyarsa ta buga aka ɗauka ya tafi. Sai ya tashi. Cikin waɗanda aka ɗauki muryarsu a gurguje har da abokin wasansa, Wilf Garside, wanda kowa ya san ba sa magana tun da suka rabu a 1971. Wilf kuma ya rasu shekara biyar da suka wuce. Ki duba wannan abu: mamaci yana yi wa mai rai ta'aziyya, ni kuma ina tsakiya da reza.

A kan faifan Wilf, wanda ya ɗauka ya rubuta: "Ya ruɗe. Layin farko kawai ke da amfani." Layin farkon shi ne, "Arnold Hibbert ya iya aikinsa, shekara ashirin da biyu muka yi tare." Da na bi takardar da na yanke nan na wuce. Amma kin san halina, ba na iya yanke abin da ban ji ƙarshensa ba.

Daga nan sai muryarsa ta canza, ta yi sama. Ya ce, "Arnold, na samu aiki a gidan zu." Ya yi shiru. "Ba a ciki ba, a waje!" Shiru. "Wankin raƙumin dawa." Shiru. "Na gama ƙafafu." Shiru. "Tun Ista." Dogon shiru. "Ina jira ya sunkuyo." Haka ya yi ta yi kusan minti huɗu.

Na ɗauko agogon awo na auna kowane shiru. Daƙiƙa biyu, huɗu, uku, biyu, biyar. Yaya, wanda ya ruɗe ba ya shiru haka. Ana jin numfashinsa, yana ɗaukarsa daidai kafin ya shigo, kamar mai ƙirga a zuci. Ina tsammanin rabin wasansu ne, ya bar wa Arnold wurinsa. Amma ban tabbata ba, don ba mu da ko faifai ɗaya na wasanninsu, an shafe su tun da daɗewa an ɗauki wasu abubuwa a kai.

Na ƙarshen ne ya fi tsaya mini. Ya dawo da muryarsa ta gida, ya ce, "Maganar telan nan, ni ya kamata in faɗa maka, ba shi ba." Sai shiru na daƙiƙa goma sha tara. Na auna sau uku. In aka miƙe tef ɗin ya kusa ƙafa goma sha biyu, tsawon ɗakin girkin Mama ke nan, babu komai a kai sai ƙarar kujera sau ɗaya. Sannan ya ce, "To, shi ke nan. Kashe abinka."

Wane tela? Ban sani ba.

Ga tambayar. Baba ya kai ki kallonsu a Blackpool lokacin ina ƙarami. Kina tuna wasan raƙumin dawa? Kina tuna abin da Arnold yake cewa? Ko kalma biyu ce ki rubuto mini.

Na ajiye akwatin gefe, na rubuta wa gidan tsofaffin takarda in tabbatar da ranar haihuwarsa, don katin ya ce Yuni, jarida ta ce Yuli. Ban faɗi dalili ba, ba ma faɗa.

Ki gaida Gordon, ki ce na gode da safar nan. Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Neville Oldroyd


Preston,
Talata, 15 ga Maris, 1994.

Zuwa ga Yaya Doreen,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Na ji daɗin jin cewa likita ya ce ba sai an yi wa gwiwar aiki ba. Wasiƙarki ta iso jiya. Na yi dariya da kika ce ba ki tuna ko kalma ɗaya, sai dai Baba ya yi dariya har haƙoransa na roba suka faɗa cikin hular matar da ke gabansa. Ba ki taimake ni ba, amma na gode.

Abin da ya faru ya fi abin da na tambaya. Jiya da sha ɗaya saura, wayar ɗakin faifai ta yi ƙara. Wayar nan sai ta yi mako ba ta yi ƙara ba. Na ɗauka, sai wata murya mai kauri ta ce, "Kai ne Oldroyd? Kai ne mai auna mini akwatin gawa?"

Na ce, "Mista Hibbert, ranar haihuwa kawai muke so mu gyara a kati."

Ya ce, "Samari, shekara sittin ina wannan sana'a. Gidan rediyo ba ya tambayar ranar haihuwar mutum don ya aiko masa da kek. Yuli ne, goma sha ɗaya. Rubuta da kyau, kada ku rage mini wata guda, na sha wuya kafin in same shi."

Na rubuta. Ina shirin yin godiya in ajiye, sai ya ce, "Su wa suka yi mini kuka?"

Na ce ba a ba mu izinin faɗa ba.

"Wilf ya yi magana?"

Yaya, da na ce ban sani ba da an wuce wurin. Amma na yi shiru, shi kuwa mutum ne da ya ci abinci da auna shirun mutane. Ya ce, "Ya yi ke nan. Tsohon ɓarawo. Me ya ce? Ya ce na iya ɗaure igiyar takalmi?"

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na tambaye shi abin da ya raba su. Na ɗauka zai zage ni. Sai ya faɗa mini kamar mai faɗin hanyar tasha. Ya ce kowace bazara tela ɗaya ne yake ɗinka musu kwat iri ɗaya a Manchester. A 1971 ya je awo, telan ya ce masa, "Ai Mista Garside ya ce bana guda ɗaya za a ɗinka, mai ruwan kore, ta talabijin." Nan ya ji cewa mutanen talabijin sun ɗauki Wilf shi kaɗai. Ya ce, "Ina tsaye hannuwana a miƙe, mutum da allura a baki yana gaya mini an kore ni. Na ce masa ya ci gaba da awo, don ban san yadda zan sauke hannuwan ba."

Tun ranar ba su ƙara magana ba. Bai je jana'izar Wilf ba.

Ya ce, "Ina so in ji faifan. Ba na roƙo, ban iya ba, Wilf ne mai roƙo a cikinmu. Amma ina so in ji." Sai aka kira shi shan magani ya ajiye.

Na zauna da wayar a hannu. Ni kaɗai a duniya na san abin da ke kan faifan nan, ni kaɗai kuma yanzu na san ma'anarsa, shi kuwa mai abin yana can, tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa.

Yau da safe na je wurin Misis Pendlebury. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na manta takardar a aljihun kwat. Ta saurare ni tana motsa shayi. Ba muguwa ba ce, ki sani. Ta ce, "Neville, ka fi ni daɗewa a gidan nan, kai ka san doka. Mai rai ba ya jin nasa. In ya ji yau, gobe guda ɗari biyu za su yi layi a ƙofa, wannan ya ce a sake, wancan ya ce me ya sa ba a kira wance ba. Kuma wa zai ƙara sakin baki ya yi mana magana in ya san mamacin zai saurara?"

Na ce ai wanda ya yi maganar shi ne ya mutu.

Ta ce, "To shi ya sa ba za ka iya tambayarsa izini ba. Mutum mai ciwon zuciya, ka kai masa muryar wanda ya ci amanarsa, in ya faɗi a gabanka fa? Ka ɗauki layin farko, ka zubar da sauran. Juma'a nake son akwatin a kan teburina."

Abin haushi, duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Na dawo na jera dalilai a shafi biyu. Na kada in kai masa faifan sun kai bakwai, har da cewa fitar da faifai daga gidan laifin kora ne, ni kuma shekara ashirin da huɗu ban san wani aiki ba sai wannan. Na in kai guda ɗaya ne tak, shi ma ban tabbata dalili ba ne. Ina so in san abin da ke shiga wuraren nan da Wilf ya bari. Ina jin kunyar rubuta miki wannan. Wataƙila ba tausayin tsohon nake ji ba, son sani ne kawai yake cina, nake sa masa rigar tausayi. Wilf ya yi maganar ne yana ɗauka Arnold ba zai taɓa ji ba. Wa ya sani ko shi ya sa ya iya faɗa?

Na ɗora tef ɗin a kan katakon yanka da yamma, na yi alama da fensir, na ɗauki reza. Sai na ga ba ta da kaifi sosai, na ce sai gobe. Sabuwa ce, Yaya, yau na fito da ita daga takarda.

Alhamis ina da hutun rabin yini. Ban yanke shawara ba. Na dai duba lokacin jirgi, akwai na ɗaya da minti goma sha biyu, a canza a Lancaster.

Kada ki gaya wa Gordon, zai ce in yi abin da aka ce. Ki gaida yara.

Naki,
Neville


Preston,
Alhamis, 17 ga Maris, 1994.

Zuwa ga Yaya Doreen,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Ni lafiya, sai kafaɗa da ke ciwo don na'urar da na ɗauka tana da nauyi.

Na je.

Na sa faifan a cikin jakar abincin rana, ƙarƙashin burodi, na ari ƙaramar na'ura na rubuta a littafi cewa gwaji zan yi. Mai gadi ya ce mini sai gobe, na amsa masa da "na gode" har sau biyu.

Na isa wajen ƙarfe uku saura. Mista Hibbert dogo ne har yanzu, ya rame, amma ya ɗaura taye a wuya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne? Na ɗauka mai akwati zai fi haka kwarjini." Na ce ko mu shiga ɗakinsa. Ya ce, "Ɗakin kwana na barci ne. In Wilf zai zage ni, ya zage ni a gaban jama'a kamar yadda ya saba." Sai muka zauna a falon da ke kallon teku. Tsofaffi shida ne a ciki, biyu suna gyangyaɗi, da wata nas mai suna Bernadette tana raba shayi da biskit. Na gaya mata maganar zuciyarsa a asirce. Ta ce, "Wannan? Shi zai binne mu duka. Kunna abinka, ina nan."

Na kunna. Da Wilf ya ce, "Arnold Hibbert ya iya aikinsa," sai tsohon ya yi tsaki ya ce, "Ji makaryaci." Hannunsa dai ya kama hannun kujera.

Sai ga muryar nan ta yi sama: "Arnold, na samu aiki a gidan zu."

Yaya, bai ko yi tunani ba. Bai dubi na'urar ba, tagar ya duba, ya ɗaga gira ɗaya ya ce, "Wane keji suka ba ka?"

"Ba a ciki ba, a waje!"

"To wane aiki mutum irinka zai iya a wajen keji?"

"Wankin raƙumin dawa."

"Raƙumin dawa! Ina ka kai?"

"Na gama ƙafafu."

"Tun yaushe ka fara?"

"Tun Ista."

"Wilf, yanzu fa Kirsimeti saura mako biyu. Wuyan fa, Wilf? Wuyan?"

"Ina jira ya sunkuyo."

Falon ya ɗauka da dariya. Wata tsohuwa ta fesar da shayi, ɗaya daga masu gyangyaɗin ya farka yana tambaya wa ya shigo. Agogon awo yana hannuna, kin san ba zan bar shi a gida ba. Kowace magana tasa ta shiga wurinta ta zauna cif, ba ta taɓa ta Wilf ba, ba ta bar rata ba. Shekara ashirin da uku rabon da su yi wasan nan tare. Haka suka tafi kusan minti huɗu, raƙumin ya shiga bahon wanka, shugaban gidan zu ya zo da tsani, ni ina dariya har na manta abin da ke tafe.

Sai muryar Wilf ta sauko. "Maganar telan nan, ni ya kamata in faɗa maka, ba shi ba."

Tef yana juyawa. Bernadette ta tsaya da butar shayi a sama. Aka ji ƙarar kujerar Wilf, sannan, "To, shi ke nan. Kashe abinka."

Na kashe. Na kasa ɗaga kai, don na tabbata na yi ɓarnar da aka ce kada in yi.

Can sai ya ce, "Nawa ya ba ni?"

Na ce daƙiƙa goma sha tara.

"Marowaci. Shekara goma sha biyu yana shiri, ya ba ni sha tara." Ya gyara taye. "Mayar da shi. Ba daga farko ba, daga telan."

Na mayar. Wilf ya sake faɗar maganarsa. Wannan karon tsohon ya juyo ya dubi na'urar sosai, ya ce, "Koren nan bai karɓe ka ba, Wilf, kamar kabeji ka zama. Na gani. Kowace Asabar na gani a talabijin, ban tsallake ko ɗaya ba. Ka yi kyau, shege."

Tef ya ci gaba da juyawa, sannan Wilf ya ce, "To, shi ke nan."

Ya tambaye ni nawa ya rage bai cike ba. Na ce bakwai. Ya ce, "Bar su. Ba ni da abin sawa a ciki." Ya karɓi shayinsa, ya ce wa Bernadette biskit ɗin nan tun zamanin yaƙi aka toya shi.

Na ce masa in yana so in dawo da makirufo in ɗauki nasa rabin, a haɗa su. Ya harare ni. "Kai ba ka gane ba? Ba don in cike ya bari ba. Don mutane su ji babu ni ya bari. Wannan ita ce ta'aziyyar, kuma ita ce abu mafi kyau da ya taɓa rubutawa. Ranar da na tafi ku sa shi yadda yake, da ramukansa duka. In ka taɓa shi da reza zan dawo in same ka a ɗakin nan naku."

Na ce ba ni ke yanke hukunci ba, minti uku aka ba kowa, shi kuma faifan Wilf kaɗai minti huɗu ne da daƙiƙa goma.

Ya ce, "To je ka gaya wa mai yankewar. Kai ma ka yi magana sau ɗaya a rayuwarka, samari, ba ciwo."

Ya raka ni har ƙofa da sandarsa. Bai yi godiya ba, ya dai ce in gyara wuyan rigata kafin in shiga mutane.

Yanzu ina gida, faifan yana kan tebur kusa da gishiri. Gobe Juma'a. Zan iya mayar da shi in yi shiru a kan tafiyar, amma ba zan iya neman a bar shi yadda yake ba sai na faɗi inda na ji dalilin. Na rubuta jawabin sau huɗu, kowanne ya fi na baya muni. In aka sallame ni, ki tambayi Gordon ko ɗakin sama yana nan babu kowa.

Ki gaishe shi, ki gaida yara, ki kula da gwiwar nan. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Neville

Na gobe, Juma'a:

Mayar da ƙaramar na'ura, a goge "gwaji" a littafi, a rubuta gaskiya.
Gyara katin A. Hibbert: Yuli, ba Yuni ba.
Akwatuna talatin da ɗaya da suka rage. Ba za su ƙare ba.
Misis Pendlebury, ƙarfe tara, kafin ta shiga taro. A fara da Morecambe, kada a fara da yanayin gari.
A roƙe ta ta saurara da kanta har ƙarshe kafin ta ce komai.
Minti huɗu da daƙiƙa goma. In ta ce uku da rabi, kada in ce to.